Ina Ake Cin Abinci a Garin Nan?

Azahar ta gota lokacin da jirgin ƙasan da ya ɗauko mu daga Rigasa ya tsaya a tashar Idu, ni da 'yar ƙanwata da na rako Abuja karɓar wasu takardunta na makaranta. Tun kokon safe babu abin da ya shiga cikinmu. Muna zama a tasi na yi abin da na saba yi a duk garin da na sauka: na gaisa da direba, na ji Hausarsa ta Katsinawa ce, sannan na ce masa, "Malam, ina ake cin abinci a garin nan?" Kafin ya buɗe baki yarinyar ta riga ta zaro waya. "Kawu, ga wani wuri a Wuse 2, taurarinsa huɗu da rabi, ka ga hotunan kuwa?"

Direban bai amsa mini nan take ba, tambayoyi ya jero. "Alhaji, tuwo kake so ko shinkafa? Zama za ku yi ko a ƙulle muku? Ita yarinyar za ta iya zaman benci?" Da ya ji abin da na ce sai ya dubi agogon motarsa. "In tuwo ne mu hanzarta. Hajiyar nan kafin la'asar take kwashe na ƙarshe."

Kwana uku muka yi a garin. Ranar farko muka bi bakin direba, ta biyu muka bi taurarin waya, kuma tun daga wannan tafiyar nake ta auna su biyun a raina.

Tambayar da na yi wa direban tsohuwa ce, kuma asalinta ta baƙo ce. A tarbiyyar da muka taso a ciki, magidanci ba ya cin abinci a waje in yana garinsu. In aka ga mai iyali a rumfar mai tuwo da daddare, babu wanda zai ce daɗin miya ne ya kai shi, sai dai a fara raɗa ko uwargida ta yi yaji. Ɗan kasuwa ma daga gida ake aiko masa da kwano da rana. Cin waje na gwauro ne da ɗan ci-rani da matafiyi. Shi kuwa matafiyin, tun zamanin da fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro, in ya sauka a zango yana da fatomansa, mai masaukin da zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in ciniki na bashi ne. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, dole wani ya riƙe masa sanda. Har gobe wanda ya sauka a Sabo a Ibadan, ko Agege a Legas, ko Nima a Akra, abin da yake fara nema shi ne mai jin yarensa da zai nuna masa wurin kwana da wurin ci.

Garuruwan ne suka yi girman da har ɗan gari ya koma baƙo a cikinsu. Ma'aikacin da ke kwana a Mararaba ko Suleja ya yi sammako zuwa ofis a tsakiyar Abuja, wane kwano ne zai biyo shi? A Kano, ɗan kasuwar Kantin Kwari da gidansa ke Mariri ko Rijiyar Zaki, tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai ya yi lissafin kuɗin adaidaitar da za ta kawo kwanon kafin ya ce a aiko. Ga kuma sabon abu da iyayenmu ba su sani ba, wato a fita cin abinci don fitar kanta: ango ya ɗauki amarya su je cin shawarma, wadda Larabawan Labanan suka koya wa garin, ko a kwashi yara ranar sallah zuwa Zoo Road, inda aka buɗe rukunin kantunan Ado Bayero a 2014. Masu ci a waje sun yawaita, wuraren cin sun fi a ƙirga, sai tambayar baƙo ta zama ta kowa.

Abin da na fi daraja a shawarar baki shi ne ana ɗinka ta ne daidai jikin mai tambaya. Direban nan kafin ya ambaci wuri sai da ya kalli hulata, ya kalli yarinyar, ya ƙiyasta nauyin aljihuna, ya ji abin da raina ke so. Da wani matashi ne da budurwarsa suka shigo motar, na tabbata wani wurin zai kai su. Kuma ya san abin da taswira ba ta rubutawa, wato lokaci. Abincin titi rayuwarsa gajeriya ce. Waina ta safe ce, in hantsi ya ɗaga sai guntattaki. Tsire sai bayan la'asar, in mai tukuba ya jera tsinke ya kewaye wuta. Wanda ya je da sha biyun rana na jiya za a ɗumama masa. Wanda ke bin hanya kullum shi ya san ranar da mai dambu ba ta fitowa, shi ya san cewa wurin da ake yabo bara ya lalace tun da kukunsu ya bar aiki. A garuruwan kudu da ƙasashen waje akwai ƙarin tambayoyin da Musulmi ke ɗauke da su a ransa: wa ya yanka naman, ana sayar da giya a wurin, akwai inda mutum zai yi salla? Ɗan uwa a Idi-Araba ta Legas zai amsa waɗannan duka a numfashi ɗaya, tun kafin ka gama tambaya.

Sai kuma alhaki. Wanda ya nuna maka wuri da bakinsa ya jingina mutuncinsa a can. In abokin aikina ya ce in je wurin wani mai balangu, na je naman ya ɓata mini ciki, gobe zai haɗa ido da ni a ofis, kuma ya san haka tun yana faɗa. Shi ya sa shawarar baki takan zo da sharaɗi: "Ka ci farfesun kayan cikinsu, amma kada ka taɓa shinkafarsu." "Ka ce ni na turo ka." Wannan kalma ta ƙarshe ragowar aikin fatoma ce. Direbanmu da kansa ya shiga gaba har rumfar, a bayan wani gareji, ya ce, "Hajiya, ga baƙina daga Kano, a ji da su." Ta dube mu ta ce, "Sannunku da hanya. 'Yata, zo nan ciki ki zauna kusa da ni, bar wa mazan bencinsu." Aka kawo tuwon shinkafa malmala biyu-biyu da miyar taushe, man shanu na yawo a kai, kabewar ta narke ba a ganin ta sai dai a ji ta. Na daɗe ban ci irin wannan miyar a wajen gida ba.

Duk da haka, ina cikin cin nan idona ya faɗa kan bahon da ake wanke kwanuka. Ruwan ya yi kauri, ya canja launi, ga alama tun safe shi ne. Direban bai gani ba, ko kuma ya gani shekara da shekaru har ya daina gani. Cikinsa ya saba, nawa ma da sauƙi, amma na yi tunanin yaro ƙarami ko mai jinya, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo a unguwanni. Nan raunin shawarar baki yake: sabo yakan rufe ido. Mutum yana nuna maka inda ƙafarsa ta saba zuwa ne, wurin 'yan garinsu, wurin da ake ɗaga masa ƙafa in babu kuɗi. Duniyarsa iyakar hanyarsa ce. Mai shekara ashirin yana tuƙi a Abuja zai iya rasa sanin wani wuri mai kyau da ke bayan layin da yake wucewa kullum, don kawai babu wani nasa da ya taɓa shiga.

Akwai kuma kunyarmu, wadda take gyara ta wani gefen ta ɓata ta wani. An hore mu da cewa ba a kushe abinci. Mun ji daga malamai cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Don haka in ka tambayi Bahaushe yadda ya ji abincin wani wuri, da wuya ya ce maka babu daɗi. "Ba laifi," zai ce. Sai wanda ya san harshen ne zai gane nisan da ke tsakanin "ba laifi" da "kai, matar nan ta iya miya." Baƙon da bai iya sauraron muryar da ke ƙarƙashin magana ba zai iya ɗaukar kawaici a matsayin yabo.

Su kuwa taurarin nan da yarinyar ke ƙirgawa, suna da nasu tarihin. A 1900 kamfanin taya na Michelin a Faransa ya fara buga wani ɗan littafi yana raba wa masu mota kyauta, yana nuna musu inda za su sha mai, inda za a gyara musu taya, inda za su ci su kwana. Dabarar a fili take: a yi ta tafiya, taya ta cinye, a sayi sabuwa. A 1926 littafin ya fara saka wa gidajen abinci tauraro, zuwa 1931 taurarin suka zama hawa uku. Masu bayar da su ma'aikata ne da ke zuwa a ɓoye, su ci su biya kamar kowa, mai gidan abincin bai san ko su wane ne ba. To, wancan tauraron hukuncin gwani ne. Wanda ke taswirar Google kuwa na kowa da kowa ne: duk mai waya zai iya danna ɗaya zuwa biyar, sai na'ura ta haɗa ta raba ta fitar da matsakaici. Wanda ya ba da biyar don sanyin ɗaki, da wanda ya ba da ɗaya don bai samu wurin ajiye mota ba, da ƙanin mai wurin da bai ma ɗanɗana komai ba, duk an zuba su a tukunya ɗaya an dama.

Rana ta biyu muka je wurin da wayar ta zaɓa. Ba zan kama sunansa ba. Fitilu ne rataye kamar gidan biki, sanyi na ratsa mutum tun daga ƙofa, an ware wani bango musamman don ɗaukar hoto. Muka jira kusan awa guda. Da soyayyiyar shinkafar ta zo, gefenta da zafi, tsakiyarta da sanyi, alamar daga firji ta fito aka ɗumama. Takardar kuɗi ta zo da harajin kashi 7.5 cikin 100 da wani ƙarin na hidima, jimillar ta ninka abin da muka biya Hajiya sau da yawa. Raina ya ɓaci. Sai dai da na huce na ga cewa taurarin ba ƙarya suka yi ba. Banɗakin wurin tsaf yake, ma'aikatan suna da ladabi, da na tambayi wurin salla aka shimfiɗa mini darduma a wani lungu, yarinyar kuma ta zauna ta sake kamar a falon gidansu. Waɗanda suka ba da taurari huɗu da rabi waɗannan abubuwan suka je nema, kuma sun samu. Ni miya na je nema. Wayar ta amsa tambayar wasu ne ta miƙo mini, don ba ta tsaya ta tambaye ni tuwo ko shinkafa ba.

Wani lokacin ma ƙaryar ce tsagwaronta. A 2017 wani ɗan jarida a Landan, Oobah Butler, wanda a baya gidajen abinci ke biyansa fam 10 ya rubuta musu yabon ƙarya, ya yi rajistar rumfar katakon da yake zaune a ciki a unguwar Dulwich a shafin TripAdvisor, a matsayin gidan abinci. Abokansa suka yi ta rubuta yabo. Hotunan abincin da kumfar aski da sinadarin wanke-wanke ya haɗa su. Duk wanda ya kira neman gurbi sai ya ce an cika sai bayan makonni. Cikin wata shida wurin da bai taɓa dafa wa kowa komai ba ya zama na ɗaya a cikin gidajen abinci sama da 18,000 na birnin. Ba a iya yi wa direban tasi irin wannan wasan, domin shi sai ya ci yake faɗa.

A wajenmu taurari ba su kai bidiyo tasiri ba. Matasa ne a TikTok da Instagram suke zagaya gidajen abinci, su ɗaga cokali, su lumshe ido, su ce ba su taɓa cin irinsa ba. Ba na raina sana'arsu, dillanci ne, kuma dillanci halal ne. Amma dillalin kara kowa ya san yana karɓar la'ada, a gaban mai saye da mai sayarwa ake cire masa. Matsalar mai bidiyo ita ce in ya ɓoye cewa gayyatarsa aka yi, aka ciyar da shi kyauta, aka sallame shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko da ma mai gaskiya ne, mai gidan abincin ya san da zuwansa, farantin da za a ajiye a gaban kyamara daban yake da wanda za a ajiye a gabana ranar Talata da rana. Na sani, shi ma direba wataƙila Hajiya tana ƙara masa tsoka in ya kawo baƙi. Bambancin shi ne daga tukunyar da aka zuba mana shi ma aka zuba masa, a benci ɗaya muka ci.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kyamara ke da son kai a tsakanin abinci. Miyar kuka ba ta yin kyau a hoto. Haka tuwon dawa, haka ɗan wake, haka fate. Daɗinsu a ƙamshin daddawa yake, da santsi, da yadda yaji ke biyo baya, kuma babu ko ɗaya a cikin waɗannan da gilashin waya ke iya ɗauka. Gurasar Jakara in an yi bandashe da ita, ta jiƙe da ƙuli da man gyaɗa da albasa, a ido ba komai ba ce, sai ta shiga baki. Abin da ke da launi da sheƙi da tsayi shi ke samun masu kallo, masu dafawa kuma suna lura. Sannu a hankali sai a koma girki don ido, a ƙawata faranti a manta da romo. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

In na tsaya a nan na zalunci wayar, domin akwai wani nauyi a gefenta wanda shi kaɗai ya kusa rinjayar duk abin da na lissafa. Tsarin tambayar baki na maza ne. Ni zan iya tsayar da kowa a tasha in tambaye shi, amma 'yar ƙanwata da ita kaɗai ta sauka a Idu ba za ta buɗe hira da baƙon namiji a kan inda za ta ci abinci ba, in ma ta yi, rumfar da ke cike da maza zai nuna mata. Waya ta ba ta damar ta leƙa cikin wuri tun kafin ta taka, ta ga irin mutanen da ke zama, ta ga farashi. Ganin farashin nan ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Magidanta da yawa sun taɓa shiga wuri da iyali, aka miƙo takardar abinci, gumi ya karyo musu, ga kunyar tashi a fita. Haka wanda ya sauka a garin da babu mai jin yarensa, Alƙahira ko Istanbul ko Guangzhou inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sari, taswirar nan ita ce fatomansa har ya samu na mutum.

Ta ɓangaren masu dafawa abin ya fi haka girma. Tun fil azal mafi iya girki a garuruwanmu matan aure ne da ke cikin gida, kuma hanyar da abincinsu ke fita kasuwa ita ce kan 'yar talla. Yarinya 'yar shekara tara ko goma ta ɗauki tiren alala ko ɗan wake ta bi tasha da gareji, a lokacin da ya kamata tana aji, tana jin maganganun da bai kamata ta ji ba. Yau mace tana ɗakinta a Kano ko Kaduna za ta ɗora hoton sinasir da funkaso da dambun nama a WhatsApp, a yi oda, a turo kuɗi ta banki, ɗan aike ya zo ya ɗauka. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa har mai shayi karɓar tiransifa, sai hanyar ta ƙara buɗewa. Babu direban tasin da zai taɓa nuna maka waɗannan matan, don ba su da rumfa a bakin titi. Duk gidan da waya ta sauke tire daga kan yarinya ta mayar da ita makaranta, ni kam na yafe wa wayar shinkafa mai sanyin da ta sa na ci.

To ina na tsaya? Ni dai yanzu na raba musu aiki, amma ban raba daidai ba. Hanya da farashi da kamannin wuri na bar wa waya. Abin da zai shiga cikina kuwa sai na ji daga bakin wanda ya ci, wanda in na dawo zan iya ce masa, "Wane, me ka tura ni na ci?" Ko a cikin wayar ma na lura inda mutane suka fi yarda shi ne zauren WhatsApp na dangi ko na abokan makaranta, inda wani zai rubuta cewa gobe zai shiga Bauchi, ina ake samun masa mai kyau, sai wanda ya sani ya amsa da sunansa da lambarsa a bayyane. Wannan bakin mutum ne ya ari waya ya yi magana.

Akwai wani abu guda da ban yi tunaninsa ba sai a rana ta uku, kuma Hajiya ce ta nuna mini. Yabon baki a hankali yake tafiya, yau mutum biyu, wata mai zuwa biyar, tukunya tana girma tare da masu ci. Bidiyo ɗaya kuwa in ya karɓu, cikin mako guda zai tara wa mai rumfa jama'ar da ba ta da hannun ciyarwa. Daga nan sai a ƙara wa miya ruwa, a ɗauko masu taya aiki da ba su san gwargwadon gishirinta ba, tsofaffin masu zuwa su ga layi su juya, baƙin da suka zo don bidiyo su ci su ce ashe abin bai kai yadda ake faɗa ba.

Mun koma rumfarta kafin mu kama jirgin yamma, wannan karon yarinyar ce ma ta ce mu je. Bayan mun ci, ta matsa kusa da Hajiya da waya a hannu ta ce, "Mama, ki bari in ɗauki bidiyon miyar nan in saka ki a taswira. Wallahi sai kin rasa inda za ki zaunar da mutane."

Hajiya ta ajiye marar da ke hannunta, ta dubi tukwanenta guda uku, ta dubi yarinyar da ke mata wanke-wanke. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Mudu goma sha biyu nake tuƙawa, ni kaɗai, kuma kafaɗar nan ta fara ba ni labari. Ki bari sai ƙanwata ta zo daga gida bayan girbi, in mun zama mu biyu a kan muciya sai ki saka." 'Yar ƙanwata ta karɓi lambarta ta adana. Ni kuma da na je biya na rage murya na yi mata maganar ruwan bahon. Ta yi shiru kaɗan, ta ce mai kurar ruwa ne ya ƙara kuɗin jarka, amma ta ji, za ta riƙa sayen ƙarin biyu.